Tambaya da Amsa: Haɗa Bonsai da Busasshen Itace

Tambaya: Na ga hoton wata bonsai (ƙaramar bishiyar da ake rainawa a tukunya) daga Japan, gangar jikinta fara fat a bushe, amma samanta kore shar. An ce haɗa busasshen itace da dashe mai rai aka yi. Shin irin auren da ake yi wa mangwaro ne?

Amsa: A'a, Malam. A auren mangwaro, ɓangarorin biyu masu rai ne, siririyar fatar da ke ƙarƙashin ɓawo ita ke mannewa su zama jiki ɗaya. Mataccen itace ba shi da wannan fata, don haka har abada ba za su haɗu ba. Japanawa na kiran dabarar tanuki, kuma yawancin masanansu ba sa ɗaukarta a matsayin cikakkiyar bonsai, duk da kyanta.

Junifa, wata bishiya mai ƙananan ganyaye da ba ta kaɗe ganye, ita aka fi amfani da ita, saboda tana lanƙwasuwa kuma busasshen itacenta ba ya saurin ruɓewa. Samo dashe mai kaurin fensir. A jikin busasshen itacen sai ka sassaƙa siririn kwari daga gindi zuwa sama, yana bin murɗin itacen. Zurfinsa ya haɗiye fiye da rabin kaurin dashen, cikinsa kuma ya fi bakinsa faɗi. Nan aikin yake: idan dashen ya yi ƙiba zai cika kwarin ya kulle kansa. Kwari mai buɗaɗɗen baki kuwa, dashen turo kansa waje zai yi.

Kafin ka saka dashen, shafa wa busasshen itacen maganin farar wuta da aka haɗa da farar ƙasa (lime sulphur), shi ke sa shi fari kuma ya rage saurin ruɓa. Kada ya ɗiga a kan saiwa. Ɗaure itacen tamau da tukunya, domin girgiza na tsinka sababbin saiwoyi.

Tambaya: Da me ake riƙe dashen?

Amsa: Da ƙananan sukurori marasa tsatsa, tazarar kamar santimita 10, bayan ka fara huda wurin da siririn mahudi don kada dashen ya tsage. Idan waya ka sa, sa roba a ƙarƙashinta, ka kwance kafin ta ci ɓawo.

Daga nan bar shi ya yi ta girma shekara 2 zuwa 3 ba aski, ganye mai yawa shi ke kawo kauri. Riƙa duba gindin itacen, inda yake taɓa danshin ƙasa, don daga nan ruɓa ke farawa.