Amsa ga mai shirin zuwa kangayen Maya na Tulum

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce za ka sauka Kankun a Meziko, yini ɗaya rak gare ka, kuma kana son haɗa Tulum da Chichén Itzá, kangayen tsoffin garuruwa biyu na mutanen Maya, 'yan asalin yankin. Shawarata kada ka haɗa su. Chichén Itzá can cikin jihar Yucatán take, awa biyu a mota daga Tulum, a kan titi yininka zai ƙare. Tunda bakin teku kake so, ka tsaya a kan Tulum.

Daga Kankun kilomita 130 ne kudu, a kan babbar hanya mai lamba 307. Akwai bas ɗin ADO, daga Playa del Carmen kuma akwai ƙananan motocin haya irin hayis, su suna ce musu colectivo. Ka ce wa direba "ruinas", wato kangaye. In ka ce Tulum kawai zai zarce da kai cikin gari, alhali mahaɗar kangayen tana kafin garin.

Ƙarfe 8 na safe ake buɗewa, kuma a lokacin ya kamata a ce kana bakin ƙofa. Da hantsi manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ke sauke jama'a, ga wurin fili ne fetal, inuwa kaɗan, zafin kuma mai gumi ne, riga ta jiƙe sharkaf kafin ka zagaya rabi. Ka kauce wa Lahadi, ranar 'yan ƙasa ke shiga kyauta. A 2025 dai kuɗin shiga ba ɗaya ba ne: akwai tikitin hukumar kayan tarihi, INAH, akwai na gandun da ya kewaye wurin, Parque del Jaguar. Ka riƙe peso, kuɗin Meziko, a hannu, kuma kada ka biye wa masu tare mutane tun daga titi suna tallar tikiti haɗe da yawon kwale-kwale. An hana shiga da robar ruwa ta sha-ka-yar, sai ka tanadi gorar ƙarfe.

Kada ka je da tsammanin ganin dala mai tsayi. Gine-ginen ƙanana ne, awa biyu ta ishe ka, kuma an kewaye su da igiya, ba a hawa. Darajar wurin inda aka kafa shi ce. Kalmar tulum a harshen Maya ganuwa take nufi, kuma ganuwar dutse ce mai tsayin mita 3 zuwa 5 ta kare garin ta ɓangare uku, na huɗun gaɓar dutse ce mai mita 12 a kan tekun Karibiyan. Tashar fatauci ce da ta bunƙasa tsakanin ƙarni na 13 da na 15, kuma da mutanenta a ciki lokacin da jiragen Juan de Grijalva na Sifen suka gifta a 1518. In ka gama da El Castillo, babban ginin wurin wanda kowa ke ɗauka hoto, ka tsaya a Templo del Dios Descendente, wani ƙaramin ɗakin bauta, ka dubi saman ƙofar: siffa ce an sassaƙa kai ƙasa, ƙafafu sama, kamar mai faɗowa. Ka lura kuma bangon ginin buɗewa yake yi ta sama, da gangan aka gina shi haka. Manyan ƙadangarun iguana suna nan kwance kan duwatsu, ko gezau.

Batun wanka a teku kada ka ɗora rai. Sau da yawa matakalar katakon da ke sauka bakin ruwa a rufe take, kuma daga wajen Afrilu zuwa Agusta ciyawar teku, sargazo, kan taru a gaɓa tana ruɓewa, warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Disamba zuwa Maris ya fi.

Abinci kuma ka yi hattara. Cochinita pibil da tacos al pastor duk alade ne, har dafaffen wake ana sa masa kitsen alade, manteca. Ka nemi gasasshen kifi, ka ce "sin puerco, sin manteca", wato ban da alade, ban da kitsensa.