Ga ɗan'uwan da ke shirin sayen M3 ta 2008

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun da na karanta tambayarka raina bai kwanta ba, don ciwon da ke damunka na san shi, kuma da yawanmu a dandalin nan mun san shi. Ka ce ka samu BMW M3 E92 ta 2008, ta ci kilomita 140,000, kuɗinta bai wuce na ƙaramar mota mai ƴan shekaru ba, kana so ka san ko za ta yi maka zirga-zirgar yau da kullum da kuma abin da riƙe ta zai riƙa ci maka. Ka kuma ce mai motar ya gaya maka ba ta da matsalar komai, mai kawai za ka zuba ka tafi. Wannan maganar tasa ita ce ta tayar min da hankali.

Kuɗin motar ne ya sauka, kuɗin kayanta yana nan inda yake tun ranar da ta fito daga kamfani. Faifan birki bai san motar ta tsufa ba, taya ma haka. Abin da za ka fara tambayar kanka shi ne nawa zai rage a hannunka bayan ka biya. Idan duk abin da ka tara ne zai tafi a sayen, don Allah ka haƙura tukuna. Ni shawarata ka riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar a gefe, kuma ka sa a ranka cewa shekarar farko za ta cinye shi.

Babban abin tsoro a injin nan mital ne, na kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf. Injin S65 ne, V8 mai lita 4, ƙarfin doki 420, yana juyi har 8,400 a minti. Mital wasu ƴan siraran ƙarafa ne masu siffar rabin zobe da ke tsakanin kwanrod da karanshaf, biyu a kowane kwanrod, goma sha shida ke nan gaba ɗaya. A ƙa'ida ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a wurin, mai ne ke shiga tsakani. To a wannan injin tazarar da aka bari matsattsiya ce, man da kamfani ya ce a zuba kuma mai kauri ne, 10W-60. Da safe man bai saki jiki ba, bai gama ratsa wurin ba, sai direba ya tayar da mota ya taka totur. Duk ranar da aka yi haka an kankare wani abu daga jikin mital. Shi ya sa agogon juyin injin yake da jan layi mai motsi, idan inji da sanyi yana ƙasa, yana ɗumama yana hawa. Wanda bai kula da layin nan ba shekara da shekaru, kai ne za ka biya bashinsa.

Abin baƙin cikin shi ne ba ya ba da sanarwa. Mota na tafiya lafiya lau, ba hayaƙi, ba wata fitila a gaban direba. Ranar da za ka ji ƙwas-ƙwas daga ƙasan inji, ƙarar da ke bin totur, ka taka ta ƙaru ka saki ta ragu, to an riga an gama. Mital ya juya a mazauninsa, ya toshe ramin da mai ke bi, ya ci karanshaf. Garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina, famfon mai, VANOS (na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul), har na'urar sanyaya mai. Idan aka kwance filta aka buɗe takardarta a rana sai ka ga tana ƙyalli, ja-ja kamar an barbaɗa garin tagulla. Wanda ya taɓa tsayawa a gareji aka miƙo masa wannan filtar ba ya mantawa. Idan kuma da gudu abin ya same ka, kwanrod na iya ɓallewa ya huda bulok, mai ya tsiyaye a titi. Daga nan ba maganar gyara kuma, sai neman wani injin, kuma injin S65 na hannu shi ma ba ka san yadda nasa mital ɗin yake ba.

Maganinsa a canza tun bai buga ba. Masu irin motocin nan sun saba yin aikin tsakanin kilomita 100,000 da 130,000, taka ta riga ta wuce. Ba sai an sauke inji ba. Ana rataye shi ta sama, a sassauto ƙarfen da ke tallafe da shi ta ƙasa, a cire kwanon mai, a bi kwanrod ɗaya bayan ɗaya. Kusoshin kwanrod na kamfani sau ɗaya ake ɗaure su, suna miƙewa, don haka sababbi za a sa, a ɗaure da sifana mai awo bisa ƙa'idar littafi. Bakaniken da ya ce maka hannunsa ya san ƙarfin ɗauri, ɗauki motarka ka bar wurin. Tunda an buɗe, a canza gaskit na kwanon da robobin da inji ke zaune a kai, don a shekarun nan sun riga sun zauna. Man da za a zuba ya kusa lita 9. Ka ce a ba ka tsofaffin mital ɗin ka jera su ka gani da idonka.

Wasu za su ce maka kai man inji ɗakin gwaji ya isa. Yana taimakawa a irin taka, don injinan farko mital ɗinsu na dalma da tagulla ne, idan suna cinyewa ana gani a mai. Amma gwaji ɗaya a man da aka juye jiya ba ya nuna komai.

Nan ne nake jin haushin wasu masu sayarwa, Allah ya shirye su. Mutum ya san motarsa ta fara ƙara, maimakon ya gyara ko ya faɗi gaskiya sai ya juye mai, ya ƙara da sinadarin da ke kaurara shi, ya goge duk laifukan da kwamfutar mota ta ajiye, ya wanke inji tas. Ka yi alƙawari da shi ƙarfe tara, shi tun takwas da rabi ya tayar da ita ta yi zafi, kana zuwa ka ji inji shiru. Ya karɓi kuɗin da ka yi shekaru kana tarawa, yana maka murmushi, har da addu'ar Allah ya tsare hanya. Bayan sati uku wayarsa ba ta shiga. Wallahi wannan zalunci ne, kuma kusan kullum a kan mai ƙaramin ƙarfi yake faɗawa, wanda ya sayi motar don yana ƙaunarta tun yana yaro. Don haka ka kafe sai ka same ta da sanyi. Kafin a sa makulli ɗaga bonet ka ɗora tafin hannu a kan inji, in da ɗumi ka ce gobe ka dawo. Inji da aka wanke fes ranar da za ka gani abin zargi ne, ƙura ita ce ke nuna maka inda mai ke yoyo. Ka sa a jona kwamfuta, kada ka tsaya a cewa babu laifi, a duba ko gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta sun kammala. Idan duk suna nuna ba su gama ba, kwanan nan aka goge. Idan ya ce an canza mital, ina rasit, wane gareji, a kilomita nawa? Babu takarda, to ka ɗauka ba a yi ba, ka cire kuɗin aikin daga ciniki. Ka nemi shaidar sabis ɗin farko na kilomita 2,000 ma, wanda ake yi wa motocin BMW na rukunin M, irin M3, suna sababbi. Mai motar da ya adana wannan takardar yawanci ya adana sauran.

Abu na biyu akcuweta na totur, wato na'urar lantarki da ke buɗe totur, guda biyu ne, kowanne na buɗe totur huɗu na ɓangarensa. Haƙoran cikinsu na roba ne, suna cinyewa, daga nan allon lantarkin ya ƙone. Alamarsa fitilun inji da na DSC (na'urar hana mota zamewa) su kama tare, mota ta ƙi karɓar wuta. Ba ya kashe inji, amma zai iya kama ka a tsakiyar wuce babbar mota. In ɗaya ya tafi ɗayan na hanya, a yi su tare. Fulogi kuma kada a sa kowanne, don ta jikin fulogin kwamfuta ke gane ko fetur na ƙonewa daidai. Motar ba ta da sandar duba mai, sai dai ka duba a allo bayan inji ya yi zafi, don haka na'urar da ke auna man dole ta zama lafiyayya. Kada ka bi dogon zangon juyen man da kwamfuta ke ba ka, ka juye duk kilomita 7,000 zuwa 8,000 ko shekara guda.

Ba ka faɗi giyarta ba. In ta hannu ce, kuloci da filawil ne abin dubawa. In DCT ce, wato mai canza giya da kanta, mai giya bakwai, a ɗaga motar a duba kwanon giya da gefensa, suna yoyo.

Sai kuɗin da ba ya jiran lalacewa. A takardar kamfani tana shan lita 12.4 a kilomita 100, a cikin gari kusan 18, tankin kuma lita 63 ne, ka yi lissafin da kanka. Fetur mai lambar inganci (octane) 98 take so, 95 ne ƙarshen abin da za ta lamunta. In ba ka da tabbacin samun irinsa a kai a kai, wannan kaɗai ya isa ya hana ka. Tayoyin gaba faɗin 245 ne, na baya 265, ba a musanya su, na bayan kuma su ke fara ƙarewa. Ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a rubutun DOT da ke gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta haura shekara shida ko zanenta na nan ta bushe. Ina roƙonka kada ka sa wa mota mai ƙarfin doki 420 taya mai araha, ranka ne a kai da na mutanen da ke hanya. Idan ka ga motar da tayoyi huɗu kala uku, ka san yadda aka riƙe sauran jikinta. Faifan birki na gaba milimita 360 ne, na baya 350, ruwan birki duk shekara biyu. In tana da shokazoba mai lantarki, EDC, tambayi kuɗin guda ɗaya kafin ka yi ciniki.

Na ga wani cikin masu ba ka amsa ya ce ka koma BMW 335i ka huta. Ba hutu ba ne, ciwon ne ya canza. Injinta, N54, gangar jikinsa na da ƙarfi, amma abin da ke kewaye da shi ne ke cin kuɗi: famfon fetur mai matsi, nozul, kwayil, turbo biyu da ke fara kaɗawa, famfon ruwa na lantarki da ke mutuwa farat ɗaya. Gaskit na gidan filtar mai in ya fara ɗiga kada a yi masa jinkiri, man na zuba kan bel, bel ya zame ya tsinke, injin ya iya jan guntayensa ciki ta sil na gaban karanshaf su toshe matatar famfon mai. Kuma da yawansu an taɓa kwamfutarsu an ƙara wuta. Motar da aka ƙara wa wuta sannan aka mayar da ita kamar ba a yi ba don a sayar, ita ma wata yaudarar ce.

Kowacce da inda take ciwo. M3 E46, wadda ta gabaci taka, ga mital ga VANOS, ga ƙasan bodi da ke tsagewa inda ƙafar baya ke ɗaure, sai an yi walda da faranti. M5 E60 mai V10 duk abin da na lissafa maka ne, da ƙarin silinda biyu da giyarta mai canza kanta da ake kira SMG. Mercedes C63 ta farko mai injin M156 kusoshin kan silinda ne ke karyewa ruwa ya shiga, ga kamshaf da ke cinyewa. Audi S4 mai V8 4.2 sarƙar tayimin na bayan inji, sai an sauke shi kafin a kai gare ta. Porsche 996 da Boxster na zamaninta ciwonsu wani boris ne a cikin inji da ake kira IMS. Mazda RX-8 kada ka saya sai an auna matsin inji da na'urar da aka yi don irinsa, kuma ka kashe ta da zafi ka sake tayarwa ka ga ko za ta kama nan take.

In V8 ɗin kake so kuma kana son barci da daddare, duba Lexus IS F. Lita 5 ce, an fi saninta da yoyon ruwa a farantin da ke tsakiyar inji, aiki ne mai cin lokaci amma ba ya kai mutum ga sayen wani injin. Sai dai taya da birki da fetur suna nan yadda suke, kuma samunta ba sauƙi.

Kan tambayarka ta hawa kullum, M3 za ta yi, in an yi mata mital da akcuweta, an bi tiyo-tiyon ruwa da lagireto, kuma kana barinta ta ɗumama kafin ka wuce juyi 3,000. Gajeren zango na minti biyar-biyar ne ba ta so, man ba ya kai zafin da zai kore ruwa da fetur da ke taruwa a cikinsa. Amma in ita kaɗai ce motarka, da ita za a kai yara makaranta da ita za ka je aiki, ka tuna wani kayan sai an yi oda, mota na iya yin makonni a kan jak. Ka nemo bakaniken da ya taɓa buɗe S65 tun kafin ka nemo motar, ka tambaye shi sau nawa ya yi aikin mital da irin kusoshin da yake sawa, sannan ka biya shi ya je ya duba ta a kan lif. In mai motar ya ƙi yarda a kai ta gareji, kada ka ƙara kiran wayarsa. Turo mana hoton rasit ɗin da ya ba ka da na allon kwamfuta idan an jona, za mu duba tare in sha Allah.