"Wannan A, ta gaba B" ba ƙuri'a ba ce

Tambaya: Salam Dakta, ina aikin bincikena a ɓangaren mata da haihuwa, zan kwatanta magunguna biyu na rage zafi bayan tiyatar haihuwa. Na tsara wadda ta fara zuwa a ba ta A, ta gaba B, haka har a gama, amma supabaiza ya ce sam. To ina matsalar, tunda ba ni ke zaɓa ba?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Gaskiya supabaizanki ya yi daidai. Matsalar ita ce kin san abin da mace ta gaba za ta samu tun kafin ki sa ta cikin binciken, in zuciyarki na tare da A sai ga wata ta zo jininta ya hau, ga ƙiba, kuma layin A ne, ba ki ma san sanda za ki ce "wannan ba ta cika sharaɗi ba" ba. A ƙarshe rukunin A duk masu sauƙi ne, maganin ya samu yabon da ba nasa ba.

Wani masanin bincike, Kenneth Schulz, da abokansa sun duba gwaje-gwaje 250 na ɓangaren ciki da haihuwa a 1995, suka ga inda ba a ɓoye rabon maganin (wa zai samu A, wa zai samu B) da kyau ba an kambama amfanin magani da kusan kashi 40 cikin 100.

Ki sa kwamfuta ta fitar da jerin rabon ta hanyar ƙuri'a, a hannun wanda ba ya ganin majinyata, ɗan famasi ma ya isa. A sa rabon kowace mace cikin ambulan mai kauri, a jere da lamba, a liƙe, sai an rubuta sunan mace a kai sannan a buɗe. Kar ki raina kaurin nan fa, an samu likitoci na ɗaga ambulan a fitilar duba eksire don su leƙa. A Ingila tun gwajin streptomycin kan tarin fuka na 1948 ambulan ɗin a ofis ɗaya aka tsare su, asibitocin ba su san jerin ba.

Nas ɗin da za ta tambayi mace yawan zafi ita ma kar ta san maganin da aka ba ta. Sannan ki yi rajista a PACTR, ma'ajiyar rajistar gwajin magunguna ta Afirka, kafin majinyaciya ta farko, ki buɗe jerin CONSORT, wato ƙa'idojin rubuta rahoton irin wannan gwaji, tun yanzu kina rubuta furofozal, ba sai ranar da mujalla ta dawo miki da takarda ba.