Haɗa sitenles 304 da baƙin ƙarfe: wace sandar walda ta dace?

Malam, ka ce ka haɗa tankin sitenles (ƙarfen da ba ya saurin tsatsa) mai lamba 304 da ƙafafun baƙin ƙarfe, ɗinkin waldar ya tsage, tsatsa ta fito. Sandar baƙin ƙarfe ce ta jawo maka. Idan ƙarafan biyu suka narke tare, sinadaran kuromiyom da nikel na sitenles ɗin sukan tsinke, ɗinkin ya yi tauri, sai ya tsage. Nemi sandar sitenles mai lamba 309L, ita ke da rarar sinadaran da za su cike wannan giɓin.

Rage wuta, ka yi ɗinki gajere-gajere, ka bari ya huce. Idan ka ga gefen ya yi baƙi ƙirin, zafi ya yi yawa, nan tsatsa za ta fara. Burushin sitenles kuma kada ya taɓa baƙin ƙarfe. Ƙafafun kuwa, sai fenti.