Ga ƙanwar da ke tunanin ajiye zane

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce shekara biyar kina zane, masu saye ba su taka kara sun karya ba, ke kanki kin daina ganin kyan abin da hannunki ke fitarwa, shi ne kike tambaya ko ki haƙura. Na daɗe a wannan harka, na ga waɗanda suka tashi da waɗanda suka zauna, kuma tambayarki ta taɓa ni.

Magana biyu kika haɗa wuri ɗaya: ko zane zai riƙe ki, da ko za ki ci gaba da riƙe fensir. Ta farkon tana iya zama "a'a, ba yanzu ba", ta biyun kuma tana nan daram. Yawancin waɗanda na sani da suka watsar da kayan aikinsu, ba zanen ne ya gundure su ba. Kaya suka ɗora masa fiye da ƙarfinsa, suka ce sai ya biya haya, sai ya rufe bakin masu surutu. Idan aikin albashi ya samu, ki karɓa, ba ki ci amanar baiwarki ba. Mutane na son kafa hujja da shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holland, Vincent van Gogh, wanda ya shiga zane gadan-gadan a 1880 yana ɗan shekara 27, ya rasu a 1890 ya bar zanen fenti sama da 800, bai kuma ci moriyarsu ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙanensa Theo, dillalin zane a Paris, shi ke aiko masa da kuɗi a kai a kai, har da na fenti. Juriyar nan da ake yabo, akwai mai ɗauke da nauyinta.

Batun daina ganin kyan aikinki kuwa, shi ya fi ɗaukar hankalina, don sau da yawa alamar alheri ce. Ido yana riga hannu girma. Ki ɗauko zanenki na shekara biyu baya, ki sake zana abu guda ɗin, ki jera su, ki kalle su ta madubi. Madubi ba ya kara: nan take za ki ga idon da ya fi ɗan'uwansa hawa sama, da haɓar da ta karkace. In kin hango a tsohon kurakuran da a da ba kya gani, to gaba kike yi, ko da ba kya jin hakan a ranki. In kuwa tamkar rana ɗaya aka zana su, hanyar koyon ce ke son gyara. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa sun fitar da bincike kan ɗaliban goge irin na Turai a birnin Berlin. Mutane sun riƙe cewa gwanayen cikinsu sun tara kusan awa 10,000 na atisaye kafin su cika shekara 20, amma suka manta da irin atisayen da ake nufi: wanda ake tunkarar inda aka gaza, malami yana gyara. Na san mai zanen da duk mutanen da yake zanawa hannunsu na aljihu ko a baya, saboda tsoron yatsu. Sai da wani ya zaunar da shi kan yatsu kaɗai, a buɗe, a dunƙule, riƙe da kofi, sannan aikinsa ya motsa. Wa ke duba naki ya faɗa miki gaskiya?

Ba zan ce kowa sai ya dage ba. Bari ma hanya ce, babu abin kunya a ciki, kuma shekarun da suka wuce ba bashi ba ne da za ki biya da masu zuwa. Ki kulle kayan wata ɗaya ko biyu, ki daina leƙa Instagram, ki lura da abin da kike kewa. In yabo da yawan mabiya ne, zuciyarki kuma ta yi sakayau, ki tafi abinki da salama. In kuwa kina cikin layi kika tsinci kanki kina bin yadda haske ya sauka a kuncin wata, yatsunki suna motsi, to ba ki gama ba.

Ki turo mana zanen nan biyu, tsohon da sabon, in sha Allahu zan duba da kyau in nuna miki inda za ki fara.