Kamfanin gas da lantarki ya durƙushe a Ingila: ina matsayin yarjejeniyata da kuɗina?

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune da iyalina a gidan haya a Birmingham. Na ƙulla yarjejeniyar shekara 2 da wani ƙaramin kamfanin gas da lantarki a kan farashi tsayayye. Saura wata 9 wa'adi ya cika sai kamfanin ya durƙushe, aka miƙa mu ga wani ba tare da an nemi yardata ba, kuɗin wata kuma ya yi sama. Ina da rarar fam 340 a hannun tsohon kamfanin, yau wata 5 shiru kake ji. Shi ya sa na tsayar da cirar da sabon kamfanin ke yi ta banki, wata 3 ban biya ko sisi ba. Yanzu sun aiko takarda suna zancen sa mini mita mai kati. So nake in maka su a kotu su mayar da ni tsohon farashi. Sannan boilar gidan, wato na'urar ɗumama ɗaki da ruwa, tsohuwa ce, shan gas gare ta, ina tunanin in rufe ta in sayi hita mai tukunyar gas, in cire kuɗin daga haya. Autarmu ba ta cika shekara 2 ba.

Wa alaikumus salam Malam. Ban ga takardunka ba, saboda haka abin da zan faɗa bayani ne a kan yadda doka take a Ingila, kuma wani abu a cikin yarjejeniyarka na iya sauya wani ɓangare nasa. Amma bisa labarin da ka bayar, ginin da kake shirin ɗora ƙara a kai ba shi da tushe, kuma gara ka ji daga bakina kafin ka ji daga bakin alƙali bayan ka biya kuɗin shigar da ƙara.

Wancan farashi tsayayye alkawari ne tsakaninka da tsohon kamfanin, shi kaɗai. Ranar da Ofgem, hukumar da ke kula da kamfanonin gas da lantarki, ta soke lasisinsa ta naɗa wani ya ɗauki kwastomominsa, alkawarin ya bi shi kabari. Sabon kamfanin bai saye yarjejeniyarka ba, bai gaje ta ba, bai sa mata hannu ba. An naɗa shi ne don kada wuta da gas su yanke a gidanka, kuma doka tana ɗaukar cewa akwai sabuwar yarjejeniya a tsakaninku tun daga ranar da ya karɓe ku, ko ka sa hannu ko ba ka sa ba. Rashin neman yardarka ba kuskure ba ne, haka tsarin yake. Akwai lokutan da sabon kamfani ke zaɓar ya ci gaba da tsohon farashi don ganin damarsa, amma ganin dama ba haƙƙi ba ne da za ka je kotu ka nema.

Ba a kanka aka fara ba. Daga tsakiyar 2021 zuwa 2022, lokacin da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya, kamfanoni kusan 30 ne suka durƙushe a Birtaniya, akasarinsu ƙanana da suka yi wa mutane alkawarin araha ba su tanadi gas ɗin da za su cika alkawarin ba. Avro Energy ya faɗi a Satumbar 2021 da kwastomomi wajen 580,000, aka miƙa su ga Octopus. Bulb kuwa girmansa ya sa gwamnati ta riƙe shi a ƙarƙashin kulawa ta musamman daga Nuwambar 2021, har Octopus ya karɓe shi a ƙarshen 2022. Miliyoyin gidaje sun rasa farashin da suka ƙulla, kamar yadda ka rasa naka.

Abin da doka ta ba ka a madadi shi ne iyakar farashin da Ofgem ke sa wa kamfanoni tun Janairun 2019, wadda yanzu ake sabuntawa duk wata 3. A nan ma mutane na yawan kuskure. Iyakar tana kan kuɗin kowane ma'auni na wuta ko gas da kuɗin ƙa'ida na kullum, ba a kan jimillar abin da za ka biya ba. Wanda ya sha da yawa zai biya da yawa. Ka ɗauki takardar kuɗinka ka kwatanta farashin ma'aunin da iyakar yankinku. In ya wuce, kana da magana. In bai wuce ba, tsada ce kawai, kuma tsada ba laifi ba ce a gaban doka. Kana da damar barin su zuwa wani kamfani ba tare da tara ba, sai dai bashin da ka tara na iya ba su hujjar hana ka tafiya.

Tsohon kamfanin fa? Yana hannun masu rabon gadonsa, kuma muddin yana ƙarƙashinsu ba a shigar da ƙara a kansa sai da izininsu ko na kotu. Ko ka samu izinin ka yi nasara, sahun masu bin bashi marasa jingina za ka shiga, wato can ƙarshen layi.

Fam 340 ɗinka kuwa, a nan gaskiya tana wajenka. Rarar kuɗin kwastoman gida tana da kariya a wannan tsari, kuma sabon kamfanin ne ke da alhakin zuba ta a asusunka ko ya mayar maka, bayan an cire kuɗin abin da ka sha kafin faɗuwar tsohon wanda ba a riga an caje ka ba. Don haka kada ka yi mamaki in adadin ya ɗan ragu. Jinkiri yakan zo ne daga jiran bayanan tsohon kamfani, na sani. Amma wata 5 babu ko layi ɗaya na bayani, ga shi sun samu sukunin rubuta maka takardar mita mai kati, wannan ban ga uzurinsa ba.

Duk da haka, daina biya da ka yi ya raunana matsayinka. Kana bin su fam 340, su kuma suna bin ka kuɗin wata 3 na gida mai yara, wanda da wuya bai zarce haka ba. Ka shiga rigimar kana mai gaskiya, yanzu a takarda kai ne mai bashi, kuma hakan na iya ɓata maka tarihin bashi a lokacin da za ka nemi wani gidan haya ko lamunin sayen gida. Shawarata ka koma biyan kuɗin abin da kake sha, ka aika musu karatun mita da hotonsa, ka nemi a rubuce su cire rararka daga bashin, sauran kuma a tsara maka biya kaɗan-kaɗan. Sharuɗɗan lasisinsu sun wajabta musu duba ƙarfinka wajen tsara biyan.

Maganar mita mai kati kada ta hana ka barci, amma kada ka yi watsi da takardar. Bayan abin kunyar da ya fito a farkon 2023 na shiga gidajen masu rauni da sammacin kotu don sa musu mita mai kati a dole, Ofgem ta tsaurara ƙa'ida daga Nuwambar wannan shekarar. Cikin gidajen da aka hana a sa wa irin wannan mita a dole akwai mai yaro ɗan ƙasa da shekara 2. Sai dai ba za su san da autarka ba in ba ka faɗa musu ba. Ka rubuta musu yau, ka kuma nemi su sa gidanku a rajistar masu buƙatar kulawa ta musamman. Ka tuna kariyar na tafiya ne da shekarun yarinyar, bashin kuma yana nan.

Hanyar ƙorafi sananniya ce. Ka shigar da koke a rubuce ga kamfanin, ka ajiye kwafi da kwanan wata. In mako 8 ya wuce ba a warware ba, ko suka ba ka takardar cewa sun kai maƙura, sai ka wuce ofishin sasanci na Energy Ombudsman. Kyauta ne, ba ka buƙatar lauya, kuma in ka amince da hukuncinsa dole kamfanin ya bi. In ba ka amince ba, ƙofar kotu ba ta rufe ba. Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, ma na taimakawa wajen rubuta koken. A kan fam 340, ni da nake cin abinci da shari'a ba zan ce ka fara da kotu ba.

Saura batun ɗumama gida, kuma ya fi na kuɗin damuna. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gidan gyaran na'urorin ɗumama ɗaki da ruwa, kuma wajibi ne ma'aikaci mai rajistar Gas Safe, wato rajistar waɗanda aka amince su yi aikin gas, ya duba kayan gas duk shekara a ba ka takardar. Amma doka gyara ta ce. Boilar da ke aiki, tsufa kawai ta yi, da wuya a tilasta masa canza ta. In tana mutuwa ko ba ta ɗumama gidan yadda ya kamata, ka sanar da shi a rubuce, in ya yi kunnen uwar shegu ka kai maganar sashen kula da gidaje na ƙaramar hukumar Birmingham. Ka kuma duba takardar ingancin makamashin gidan, domin a mafi yawan lokuta ba a yarda a bayar da hayar gidan da ya gaza matakin E a ma'aunin wannan takarda ba.

Cire kuɗi daga haya da kanka kuwa, a'a. Akwai ƙunƙuntar hanya da doka ta bari ta yin gyara a cire daga haya, mai matakai da sanarwa, kuma sayen hita don raɗin kanka bai shiga ciki ba. Abin da za ka samu shi ne bashin haya, wanda hujja ce ta neman fitar da kai. Hita mai tukunyar gas ko kananzir kuma yawancin yarjejeniyoyin haya sun haramta ta, ka duba taka. Tana jawo laima da fumfuna a bango, sannan a ɗakin da aka toshe kowace kafa saboda sanyi tana iya tara iskar guba marar wari. Na san a gida da hunturu kaskon gawayi ake jawowa, amma ko a can yana kashe mutane a rufaffen ɗaki, balle gidan Ingila mai tagogi ruɓi biyu da ƙaramar yarinya a ciki. Hita mai lantarki ba ta da wannan haɗarin, sai dai ma'aunin lantarki ya kai kusan ninki 4 na gas, don haka ta ɗaki ɗaya ce na ɗan lokaci.

Kafin ka ɗauki wani mataki a kan mai gidan, ka nemi zama da shi ko wakilinsa a kan gyaran boilar da toshe wuraren da iska ke shigowa, abin da kuka amince kuma a rubuta. In ka aiko mini da takardar mitar, da takardar kuɗi ta ƙarshe daga tsohon kamfani, da yarjejeniyar hayarka, zan duba in gaya maka ko akwai abin da ya sauya.