Zane marar sa hannu: ko aikin Corot ne?

Tambaya: Na sayi wani ƙaramin zanen fentin mai a wurin gwanjo a Faransa, an yi shi a kan takarda aka manna ta a jikin kyalle. Tsaunuka ne da itatuwa da wani kango, kuma babu sa hannu. Dillalin ya ce yana kama da aikin Corot, shahararren mai zanen Faransa na ƙarni na 19. Ta yaya zan tabbatar?

Amsa: Rashin sa hannu ba aibi ba ne a irin wannan zane. Masu zanen Faransa da suka riƙa zuwa Italiya a farkon ƙarni na 19 sukan yi su ne a fili cikin gaggawa, domin amfanin kansu, ba don sayarwa ba. Mai zane Pierre-Henri de Valenciennes, a littafinsa na 1800, ya shawarci ɗalibai da kada su wuce awa biyu a kan zane ɗaya, saboda hasken rana yana sauyawa. Matsalar ita ce mutane da yawa sun bi wannan hanya, sun zana wurare iri ɗaya a kewayen birnin Rum, shi ya sa kama kaɗai ba ta isa hujja ba. Shi kuwa Corot, wanda ya zauna a Italiya daga 1825 zuwa 1828, yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabun aiki a tarihi.

Ka fara da juya zanen ka dubi bayansa, domin a ganina nan ne ake samun mafi yawan labari: hatimin shagon da ya sayar da kyallen, tsofaffin lambobin gwanjo, ko guntuwar takarda mai sunan wanda ya taɓa mallakarsa. Ayyukan da aka tarar a ɗakin aikin Corot bayan rasuwarsa an sayar da su a Paris a 1875 ɗauke da hatimin "Vente Corot" (wato gwanjon Corot), sai dai shi ma hatimin an kwaikwaye shi. Daga nan sai a duba kundin ayyukansa da Alfred Robaut ya tattara, wanda ya fito a 1905, a ga ko akwai wanda siffarsa da girmansa suka dace da naka.

Binciken fenti yana da amfani, amma iyakarsa ya nuna cewa zane ba na wane ba ne, ba ya tabbatar da wanda ya yi shi. Idan aka sami farin taitaniyam a asalin fentin, wato wani farin launi da bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920, magana ta ƙare: ba aikin Corot ba ne. Idan kuwa launukan duk na zamaninsa ne, abin da aka tabbatar kawai shi ne zanen zai iya zama tsoho.

Kada ka wanke shi, kada kuma ka ɓamɓare komai daga bayansa. Ka ɗauki hotunan gaba da baya da gefuna, ka aika wa masanin da ya ƙware a zanen Faransa na wannan zamani, wanda ba shi da riba a cinikin.